Shirun da Ya Wuce Alƙunutu

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, domin ni ba likita ba ce, ba kuma malama ba. Lisans ɗina, wato digiri, a labarin ƙasa na yi shi, kuma har yau ban sami aikin da ya shafe shi ba. Abin da na gani kawai zan faɗa, a jinyar mahaifina Malam Idi, limamin ƙaramin masallacin da ke manne da gidanmu a Zongon Kwatano. Inda na yi kuskure, masu sani su gyara. Amma na ga bai kamata in yi shiru ba, don shiru ne ya kusa cinye mu.

A masallacinmu, kamar yadda muka tashi muka tarar, alƙunutu a asirce ake yinsa. A raka'a ta biyu ta asuba, idan liman ya gama sura, sai ya yi shiru kafin ruku'u, kowa ya karanta addu'ar a ransa, sannan a ji kabbara. Ni da Inna, mahaifiyata, daga ɗaki muke bin Baba, tunda bango ɗaya ne tsakaninmu da masallacin, ga kuma lasifika. Tun ina yarinya Baba ya koya mini alƙunutu, kuma da irin saurinsa nake karantawa. Ina kai ƙarshe, shi ma yana yin kabbara. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai ranar da abin ya faru.

Kafin ranar akwai alamu, ko kuma abin da yanzu nake zaton alamu ne. Baba yana da hawan jini, wanda a nan muke cewa tansiyon. Idan ƙeyarsa ta yi nauyi ya sha magani, idan ta sake shi ya ajiye. Ana saura 'yan kwanaki, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ya yi dariya ya ce kofin ne ya gaji da shi. Na ce mu je a auna. Ya ce, "Uwata, ke komai sai kin kai shi asibiti." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Akwai kuma ƙaninsa, Baffa Garba, mai fataucin shanu daga arewa. A lokacin motar shanunsa ta lalace a hanya wajen Paraku, dabbobi suna cikin rana. Bayan magariba ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, gobe da asuba a sa ni a addu'a." Baba ya ce to. Jama'a da yawa sun ji.

Da asubar, Baba ya karanta sura lafiya, ko da yake na ji kamar harshensa ya ɗan yi nauyi a ƙarshe. Ya yi shiru. Na karanta alƙunutu har na kai ƙarshe. Babu kabbara. Na ce ko ni ce na yi sauri, na sake karantawa daga farko. Babu kabbara. Na yi tunanin ko an ɗauke wuta ne, amma ga fanka tana juyawa a kanmu, ga hucin lasifika ina ji. A rayuwata ban taɓa yanke salla ba. Ranar na yanke. Na fita ba takalmi, na tsaya a tagar masallaci.

Baba yana tsaye a gaba, sahu biyu a bayansa, kowa ya sunkuyar da kai. Da yake shi mai sakin hannu ne a salla, ba wanda ya lura cewa hannun daman ya mutu a jikinsa. Daga gefe na ga bakinsa ya karkace, yana motsi, ba abin da ke fita. Na ɗaga murya na ce, "Baffa! Ku duba Baba!" Ba wanda ya waiwayo, kuma ban ga laifinsu ba, salla suke. Sai Baba ya fara sulalewa ƙasa. Wasu na sahun baya, da suka ga ya sunkuya, suka bi shi ruku'u.

Daga baya Baffa ya gaya mini abin da ke ransa a lokacin. Ya ce, "Wallahi daɗi nake ji. Cewa nake, kai, yau Yaya ya dage a kan shanuna."

Aka ɗauko shi aka shigo da shi gida, ba asibiti ba. A nan muka yi asarar da ta fi ta masallaci. Baffa ya ce iska ce ta buge shi, irin ta asuba. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka aika a rubuto rubutun sha. Na ce mu tafi asibiti. Baffa ya ce, "Mai lisans, ki bari manya su yi abin da suka sani. Malami guda za a kai wa masu allura kafin a nemi Allah?" Na ce, "Baffa, a nemi Allah a cikin mota." Ban saba mayar masa da magana ba. Da na ga rubutun da aka ɗura masa yana dawowa ta gefen baki, yana tari, sai na sa hijabi na fita na samo taksi da kaina. Ruwan sama ya cika lungunmu, mai taksi ya ƙi shigowa, sai a kan tabarma aka tallabo Baba zuwa bakin titi. Inna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Garba, mijina ne. Ɗauki ƙafa."

Mun fara zuwa wani ƙaramin asibiti wajen Sen-Mishel, suka auna jini suka ce abin ya fi ƙarfinsu. Kafin mu isa babban asibiti rana ta take. A can ma an sami wani tsaiko. Wadda ta fara karɓar mu ta yi wa Baba tambaya da Faransanci, bai amsa ba. Ta gwada da yaren Fon, bai amsa ba. Ta dubi rawaninsa ta ce ai dattijon ba ya jin yaren ne. Sai da na nace, na ce mata da Hausa ma ba ya amsa mini, kuma yau da asuba wannan mutumin shi ya ja salla, sannan ta tashi da sauri ta kira likita. Ina roƙon duk mai kai dattijon da ba ya jin Faransanci asibiti, ya faɗi wannan da bakinsa tun a ƙofa: jiya yana magana, yau ba ya yi.

Likitan matashi ne, mai haƙuri. Ya ce sunan ciwon AVC, wato jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Yaushe ya fara?" Na ce da asuba. Ya dubi agogo, ya ci gaba da rubutu. Da na matsa, ya ce akwai abin da akan iya yi idan an zo da wuri, amma ba zai rantse mini cewa da ya hana komai ba. Na riƙe wannan maganar yadda ya faɗe ta. Ban ƙara mata ba, ban rage ba.

Makon farko a layi na yi shi. Layin kes, inda ake biya kafin a taɓa mara lafiya. Layin farmasi, da ordonans, wato takardar magani, a hannu, a ce wannan akwai, wannan babu, sai in hau zemijan, wato babur ɗin haya, in zaga gari. Hoton kai da suke kira skana, shi ma sai da muka jira. Safar hannu, auduga, ruwan ƙari, duk mu ke saye. Inna ta fitar da zannuwan da take ajiya ta sayar. Baffa kuwa, wanda nake fushi da shi, shanunsa na isowa ya sayar da bijimin da ya fi ji da shi, ya kawo kuɗin a leda ya ajiye gaban Inna. Kuma shi ke juya Baba, shi ke kai shi bayi. Akwai wata ma'aikaciya 'yar Fon da ta koya mini yadda zan ba shi koko a zaune, kaɗan-kaɗan, don kada ya shaƙe. Akwai kuma wadda sai na kira ta har na gaji. Duka biyun ina tuna su.

A mako na uku muka dawo gida. Ƙafa ta fara motsi, hannu bai fara ba. Amma abin da ya fi ci mana rai magana ce. Kalma ɗaya ta rage wa Baba: "To." Yana jin yunwa, to. Yana jin zafi, to. Yana jin duk abin da ake faɗa, ka gani a idonsa, amma idan ya buɗe baki sai "to" ta fito. Mutumin da ya yi shekaru yana raba gardamar gado da ta aure a Zongo.

Masu dubiya suka yi ta zuwa, Allah ya saka musu. Sai dai wasu suna yi masa ihu kamar kurma, wasu suna zancensa a gabansa kamar ba ya nan: "Allah sarki, Malam da bakinsa." Kowa kuma da maganinsa. A shafa man kaɗanya da zafi. A kai shi wajen wani mai magani a Jugu. A binne ƙafar a yashin teku. A daina ƙwayoyin asibiti, su ke kashe jiki. Na yarda da man kaɗanya, na yarda da tofi, rubutu ma na yarda da shi bayan haɗiyarsa ta daidaita. Ƙwayoyin tansiyon ne na ce ko za a kore ni daga gidan ba za a daina ba. Gishiri da dunƙulen miya muka rage, cacanga, wato gasasshen nama, da kilishi muka hana. Baba ya juya fuska bango, ya daina yarda a shigo da kowa.

Likita ya tura mu wajen wata mai koyar da magana a Zogbo, muna ce mata Madam. Ta fito da katuna masu hotuna: tuffa, jirgin ƙasa, kare. Ina fassarawa, Baba yana kallon silin. Bayan zuwa na biyu ta ajiye katunan ta ce, "Me ya fi faɗa a rayuwarsa? Abin da baki ya maimaita shekara da shekaru, wani lokaci yana da tasa hanyar daban. Ta nan za mu shiga." Na ce Fatiha. Na juya na fara, ina jiran ya kama. Baba ya damƙe bakinsa, ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni. Idonsa ya kawo ruwa.

A hanya Inna ta fassara mini. Ta ce, "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane karatu, kina so ya karanta Alƙur'ani da karkataccen baki? Ba zai yi ba. Gara ya mutu da shirunsa." Na gaya wa Madam. Ta ce ita ba ta san addininmu ba, amma in nemo wani abin, kuma kada in daɗe, don watannin farko sun fi muhimmanci.

Na samo shi ne da wata asuba. Na'ibin Baba, Alhaji Mudi, shi ke jan salla yanzu, Baba yana bi daga kan kujera a ɗaki. Da aka zo shirun alƙunutu, ni ina fashin salla, sai na zauna ina kallonsa. Leɓɓansa suna motsi, kuma ba motsin banza ba. Na matso da kunnena. Iska ce kawai, amma a jere take: "Allahumma inna nasta'inuka…" Har ƙarshe. Addu'ar tana nan ba ta taɓu ba. Kuma addu'a ce, ba Alƙur'ani ba. A iya sanina, tuntuɓen harshe a cikinta bai kai nauyin wancan ba.

Da hantsi na ce, "Baba, ka karanta mini alƙunutu da ƙarfi." Ya yi mini wani kallo. Na manta cewa shekarun baya ya sha gardama da samarin da suka dawo daga karatu suna so a riƙa yinsa a bayyane. Bai ce sun yi laifi ba, ya dai ce a masallacinsa a asirce aka gada. Na ce ai wannan ba a salla ba ne. Ya ce "To," ya rufe ido. Na ce in karanta ya gyara mini. Ya san na iya, shi ya koya mini. Ya juya fuska bango. Kwana da kwanaki ina gwadawa, har Inna ta ce in ƙyale shi ya huta. Na ce mata zan ƙyale shi ranar da ya iya cewa in ƙyale shi.

Ina ba Baffa labarin a zaure, sai na ga yana sosa ƙeya. Ya leƙa waje, ya rage murya ya ce, "Mai lisans, in gaya miki wata magana, amma in kika faɗa wa matata, ni da ke ne. Ni fa wannan alƙunutun, farkonsa kawai na sani."

Na ce, "Baffa, to me kake karantawa duk shekarun nan?"

Ya ce, "In na yi ɗan abin da na iya, sai in riƙa motsa baki har Yaya ya yi kabbara. Wa zai sani? Ai a ɓoye ake yi. Lokacin da ake koya wa yara, ni ina bayan shanu. Kuma kada ki ɗauka ni kaɗai ne a sahun nan." Sannan ya ce, "Da na san tsawonsa, da ranar nan na gane."

Ban yi masa dariya ba, ko da yake ta zo mini. Na ce, "Tashi mu shiga. Ka faɗa masa yadda ka faɗa mini."

Ya ce, "Ke, so kike ya kashe ni?"

Na ce, "Da hannu ɗaya?"

Baffa, da furfurarsa, ya shiga ya cire hula ya durƙusa gaban kujera. Ya ce, "Yaya, na zo karatu. Ban iya alƙunutu ba." Baba ya dube shi, ya dube ni, yana neman alamar wasa. Baffa ya fara, ya yi 'yan kalmomi, ya tsaya cak, yana zare ido. Na ga gemun Baba yana rawa. Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara da shekaru a bayansa a sahun farko. Sai ya buɗe baki, da murya kamar ta wanda ya tashi daga barci, ya ce, "Wa… nu'uminu… bika." Baffa ya maimaita. Baba ya ci gaba. Inna tana bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta zauna a ƙasa.

Ba zan ce daga ranar ya warke ba, don ba haka aka yi ba. Washegari ma kalmomin sun ƙi fitowa, ya yi jifa da carbi. Amma kullum da hantsi Baffa yana zuwa kafin ya wuce kasuwar shanu. Madam ta koya mini yadda za mu ciro kalma daga addu'ar mu kai ta cikin zance, mu tsaya a tsakiya ya cike, mu tambaye shi ma'anarta da Hausa. Da yamma wasu ranaku mukan kai shi bakin teku a Fijirose, ya taka yashi yana dafe da kafaɗar Baffa, suna bita. Baffa ba shi da kan karatu, Allah ya sani. Yau ya riƙe, gobe ya zubar. Ni dai har yanzu ina zargin wani zubarwar da gangan yake yi, amma ya rantse ba haka ba ne.

Maganar farko da Baba ya ƙirƙira da kansa, ba haddacewa ba, a kan Baffa ta faɗa. Baffa ya ɓata wuri ɗaya har sau ba adadi, sai Baba ya numfasa ya ce, "Garba… shanunka… sun fi ka." Baffa ya yi tsalle ya fita tsakar gida yana cewa, "Ya zage ni! Jama'a, Yaya ya zage ni!" Bayan 'yan kwanaki Baba ya kira ni Uwata. Wannan ban iya rubuta yadda na ji ba.

Ba a jima ba maganar Baffa ta fita, ba ta bakina ba. Sai ga dattawa biyu sun biyo shi, wai rakiya suka yi. Daga baya suka zama huɗu. Zaurenmu ya koma makarantar masu furfura. Fatiha kuwa, Baba da kansa ya koma mata, shi kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe. Sai da ya shafe watanni sannan ya kira Alhaji Mudi ya karanta masa, ya ce ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah. Karo na farko Alhaji Mudi ya ce da saura. Baba ya ce, "Madalla," ya koma ya ci gaba.

Ga abin da nake so mai karatu ya ɗauka, da sharaɗin ya tambayi likita, don ni ɗalibar jinya ɗaya ce tak. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta ɗauke farat ɗaya, a tafi asibiti a lokacin, a yi tofin a hanya. Kada a ɗura wa mutum komai a baki. Mai tansiyon kada ya ajiye magani don ya ji sauƙi. Kuma masu tsayawa bayan liman, ku san tsawon abin da yake karantawa. Idan shiru ya wuce inda kuka saba, ku yi masa tasbihi. In lafiya yake, ba abin da ya ragu. A masallacinmu yanzu Baffa ke tsayawa daidai bayan liman, kuma wannan aikinsa ne.

Hannun Baba na dama bai dawo duka ba, wataƙila ba zai dawo ba. Maganarsa tana da jinkiri, idan ya gaji takan tsinke. Amma a watan da ya wuce, Alhaji Mudi ya saurari Fatiharsa ya ce, "Malam, gabanka, ka ja mu salla." Asuba kawai yake ja, ita ma ba kullum ba.

Ranar farko ina bayan Inna a ɗaki. Muryarsa ta fito a lasifika, a hankali, kowane harafi a wurinsa. Ya gama sura ta biyu, ya yi shiru. Na karanta alƙunutu da saurin da ya koya mini tun ina yarinya. Na kai ƙarshe. Babu kabbara. Na san yanzu ya fi da jinkiri, na san Baffa yana bayansa, na san duk wannan. Duk da haka ban san lokacin da na bar sallaya ba, sai ji na yi hannuna ya ja ƙofa ta yi ƙara. Ƙafata ɗaya tana waje aka ce, "Allahu akbar."

Na dawo na sake sallata daga farko.

Da ya shigo, yana dogara sanda, Baffa na biye da shi yana cika baki wai shi ya riga liman gamawa, Baba ya tsaya a gabana. Ya ce, "Uwata… na ji… ƙofa."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Gobe… ki tsaya… a sallarki."

Na ce to, kuma na tsaya. Amma da rana na sa wa ƙofar mai, kuma har yau a bakinta nake shimfiɗa sallayata.